Almakashin mura: tarihin gano nuraminidaz

A cikin tsofaffin kalmomin Hausa akwai wata wadda ƴan zamani ba su cika ji ba, ita ce marisuwa. Da ita mutanen da suke kiran murar nan mai tsanani wadda ke kwantar da gari, kuma ita ce sunan da ya bi annobar shekara ta 1918. A watan Agusta na wannan shekara cutar ta sauka Firitawun, babban birnin Saliyo, daga wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A watan Satumba ta isa Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan ta bi sawun fatake ta watsu cikin ƙasar Hausa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a Najeriya kaɗai ta kashe mutum kusan 500,000, a duniya baki ɗaya kuwa kimanin miliyon 50, wato fiye da waɗanda suka halaka a fagen yaƙin duniya na farko. An yi mata laƙabi da murar Sipaniya, ba don can ta faro ba, sai don jaridun Sipaniya, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, su ne suke da ƴancin ba da labarinta.

Da annobar ta lafa, sai ta bar wa likitoci tambayoyi masu nauyi. Mene ne ya haddasa ta? Ta yaya yake shiga jikin ɗan Adam, kuma ta yaya yake yaɗuwa a cikinsa da irin wannan sauri? Amsar ta ɗauki shekaru fiye da 60 kafin ta kammala, kuma a tsakiyarta akwai wani ɗan ƙaramin sinadari mai dogon suna: nuraminidaz.

Daga alade zuwa ƙwan kaza

Tun shekara ta 1892 wani likitan Jamus, Richard Pfeiffer, ya ce ya gano wata bakteri a cikin kakin masu mura, kuma duniya ta yarda cewa ita ce tushen cutar. Annobar 1918 ta girgiza wannan ra'ayi, domin an sami majiyyata da yawa waɗanda babu wannan bakteri a jikinsu. A shekara ta 1931 wani Ba'amurke, Richard Shope, ya nuna cewa murar aladu tana zuwa ne daga wani abu ƙarami ƙwarai, wanda ke ratsa matatar da ke tare bakteri. Wannan shi ne birus. Bayan shekara biyu, a 1933, masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka ɗebi ruwan maƙogwaron masu mura suka ɗiga a hancin feret, wata ƴar dabba mai kama da tunku. Dabbar ta kamu, ta yi zazzaɓi da atishawa. Daga ranar aka tabbatar da cewa murar ɗan Adam ma aikin birus ce.

To amma bincike da dabbobi yana da tsada da jinkiri. Sauƙi ya zo ne lokacin da aka koyi shuka birus a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki. Cikin kwana biyu ko uku, ruwan ƙwai guda kan cika da miliyoyin birus. Har yau da wannan dabara ake haɗa mafi yawan allurar rigakafin mura, kuma a cikin ƙwai irin wannan ne labarin nuraminidaz ya soma.

Jinin da ya dunƙule, sannan ya ware

A shekara ta 1941 wani likita mai suna George Hirst yana aiki a ɗakin binciken gidauniyar Rockefeller a birnin Niyu Yok. Wata rana yana buɗe ƙwan da aka shuka wa birus ɗin mura, sai jijiyar ɗan tsakon ta fashe, jini ya gauraya da ruwan ƙwan. Ya lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin sun dunƙule kamar gudaji a cikin kunu, abin da ba ya faruwa a ƙwan da ba shi da birus. Ya gane cewa birus ɗin ne ke manne wa ƙwayoyin jini, yana haɗa wannan da waccan. A wannan shekarar wasu masana biyu a Toronto, McClelland da Hare, su ma suka ga haka. Amfanin farko na wannan lura shi ne an sami hanya mai arha ta auna yawan birus, da kuma auna ƙarfin garkuwar jikin mutum a kansa.

Hirst bai tsaya nan ba. A shekara ta 1942 ya bar gaurayen a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, sai ya ga bayan ɗan lokaci gudajin ya ware, birus ɗin ya saki ƙwayoyin jinin da kansa. Sai ya yi gwaji biyu. Ya ɗauki birus ɗin da ya saki, ya zuba shi a sabon jini: ya dunƙule shi kamar da. Ya ɗauki tsofaffin ƙwayoyin jinin, ya zuba musu sabon birus iri ɗaya: suka ƙi dunƙulewa. Ke nan birus bai sauya ba, ƙwayoyin jinin ne suka rasa wani abu a bayansu, abin da birus ke riƙewa.

Abin da ke sauya wani abu, shi kuma ya fito yadda ya shiga, a shirye ya sake, shi masana ke kira anzim. Kowa ya san aikin irinsa ko da bai san sunan ba: in mutum ya daɗe yana tauna lomar tuwo, zai ji ta soma zaƙi, domin akwai anzim a cikin miyau mai yayyanka garin hatsi ya mai da shi sukari. Hirst ya yanke hukuncin cewa birus ɗin mura yana ɗauke da anzim mai lalata madafar da shi kansa yake kamawa. A wancan lokaci maganar ta zama abin mamaki, domin ana ɗaukar birus a matsayin abin da ba shi da kayan aikin kansa ko ɗaya.

Abu ɗaya, suna biyu

Aikin ya ƙaura zuwa Melbon a ƙasar Ostiraliya, a cibiyar bincike ta Walter da Eliza Hall, ƙarƙashin jagorancin Macfarlane Burnet, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1960 saboda wani aiki na dabam kan garkuwar jiki. A shekara ta 1947 Burnet da abokiyar aikinsa Joyce Stone suka bayyana cewa bakterin kwalara tana fitar da wani anzim mai yin aiki iri ɗaya. In an wanke ƙwayoyin jini da ruwan da aka shuka ta a ciki, birus ɗin mura ba ya iya kama su. Suka sa masa suna anzim mai rushe madafa. Sai dai har lokacin ba wanda ya san mece ce madafar.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Alfred Gottschalk, wani masanin sinadaran jiki Bajamushe, Bayahude, wanda mulkin Nazi ya tilasta wa barin ƙasarsa a 1939 ya sami mafaka a Melbon. Ya shafe shekaru yana haɗa birus da yauƙin jiki, yana tace ɗan abin da ake yankewa. Ya gano cewa wani irin sukari ne mai tsami, wanda ke zaune a can ƙarshen sarƙoƙin sukari da suka lulluɓe ƙwayoyin jiki, kamar tuntu a bakin igiya.

Ashe wasu masana biyu sun riga sun ci karo da wannan sukari, kowa ta hanyarsa. A shekara ta 1936 Gunnar Blix na jami'ar Upsala a Suwidin ya fitar da shi daga yauƙin da ke fita daga maɓuɓɓugar miyau ta shanu, daga baya ya kira shi asid siyalik, daga kalmar Girkanci mai nufin miyau. A 1941 Ernst Klenk na birnin Kolon a Jamus ya fitar da shi daga ƙwaƙwalwa, ya kira shi asid nuraminik, daga kalmar da ke nufin jijiya. Shekaru suka shuɗe ana gardama, kowa yana riƙe da sunansa. A 1957 Blix da Gottschalk da Klenk suka sa hannu tare a wata gajeriyar wasiƙa a mujallar kimiyya ta Nature, suka daidaita sunayen. A wannan shekarar Gottschalk ya raɗa wa anzim ɗin suna nuraminidaz, wato mai yanke asid nuraminik. Saboda wancan tarihi ne har yau wasu littattafai ke kiransa siyalidaz. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai da aka haɗa aikin Niyu Yok da na Melbon da na Upsala da na Kolon kafin abin ya tashi.

Ƙugiya da almakashi

Tambayar da ta rage ita ce: me zai sa birus ya riƙa yanke abin da yake kamawa? In an dubi birus ɗin mura a madubin bincike mai aiki da lantarki, za a ga ɗan dunƙule wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ba, bayansa cike da ƙayoyi iri biyu. Mafi yawansu su ne hemagulutinin, wato masu dunƙule jini, waɗanda Hirst ya fara ganin aikinsu. Su ne ƙugiya. Sauran, waɗanda ba su kai su yawa ba, su ne nuraminidaz, kowanne mai kai huɗu a kan siririn kara. Su ne almakashi.

Da ƙugiya birus ke kama asid siyalik da ke bayan ƙwayoyin hanci da maƙogwaro da huhu. Ƙwayar jikin ta haɗiye shi, shi kuma ya ƙwace kayan aikinta, ya sa ta ƙera ɗaruruwa ko dubban irinsa cikin ƴan sa'o'i. A nan matsalarsa take tasowa. Sababbin birus ɗin suna ɓullowa ta bangon ƙwayar, bangon kuwa cike yake da asid siyalik, su ma kansu sun fito da shi a jikinsu. Ƙugiyarsu ba ta san gida ba, ba ta san daji ba: sai ta kama ƙwayar da ta haife su, ta kama ƴan uwansu. Da babu almakashi, da nan za su tsaya a manne har ƙwayar ta mutu da su. Nuraminidaz ne ke aske asid siyalik ɗin, ya sallame su su tafi neman wasu ƙwayoyin.

An tabbatar da wannan a shekara ta 1974, lokacin da Peter Palese da abokan aikinsa suka yi gwaji da wani birus mai naƙasasshen nuraminidaz, wanda ba ya aiki in zafi ya ƙaru. A madubi sai aka ga sababbin birus sun taru tuli guda a bakin ƙwayar, sun kasa rabuwa.

Almakashin yana da wani aiki tun kafin shiga. Majina da kaki da ke lulluɓe hanyar numfashi cike suke da asid siyalik, kuma tarko ne da jiki ya ɗana: birus ya kama su da zaton ƙwayar jiki ce, sai a fyace shi ko a tofar. Da nuraminidaz yake yanka hanya cikin wannan yauƙi har ya kai ga inda ya nufa. Saboda haka dole ƙugiya da almakashi su daidaita. In almakashi ya cika kaifi, zai yanke madafa kafin birus ya shiga. In ya dushe, birus zai maƙale. Wannan daidaito yana daga cikin abubuwan da ke hana murar tsuntsaye yaɗuwa tsakanin mutane cikin sauƙi, tare da cewa yadda asid siyalik yake ɗaure a hanjin agwagwa ya bambanta da yadda yake a hancin mutum. Alade kuwa yana da iri biyun, shi ya sa masana ke sa masa ido.

Ma'anar H da N

Duk wanda ya taɓa jin H5N1 ko H1N1 a rediyo, ya ji sunan waɗannan ƙayoyi biyu ne. H na nufin hemagulutinin, N na nufin nuraminidaz, lambobin kuma suna nuna iri. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tsayar da tsarin sunayen da ake bi yanzu a shekara ta 1980. Iri 9 na nuraminidaz, daga N1 zuwa N9, duk ana samun su a jikin tsuntsayen ruwa, waɗanda su ne babban rumbun murar. Daga baya an gano N10 da N11 a jikin jemagu a nahiyar Amurka, amma su siffar kawai suke da ita, ba sa yanka.

Gadon birus ɗin mura a rabe yake gida 8. In iri biyu suka haɗu cikin ƙwayar jiki ɗaya, suna iya musayar gidaje, a haifi sabon birus wanda garkuwar mutane ba ta san shi ba. Da haka manyan annobai ke tashi. Ta 1918 H1N1 ce. Ta 1957, wadda ta taso daga ƙasar Sin, H2N2 ce: ƙugiya sabuwa, almakashi sabo. Ta 1968, wadda ake kira murar Hon Kon, H3N2 ce: ƙugiya ta sauya, amma almakashin na 1957 ne. A nan masana suka ga wani abu mai muhimmanci. Wani bincike da aka yi a garin Tekumse na jihar Mishigan, aka buga a 1973, ya nuna cewa mutanen da jininsu ke da garkuwa a kan N2 tun daga murar baya ba su kamu da sabuwar kamar sauran ba. Garkuwar da ke dushe almakashi ba lalle ta hana birus shiga ba, amma tana rage masa yaɗuwa, ciwon ya zo da sauƙi.

Game da marisuwar 1918 kuwa, sai a ƙarshen ƙarni aka ga fuskarta. Jeffery Taubenberger da abokan aikinsa a Amurka sun karanta gadonta daga guntayen huhun sojojin da aka adana, da kuma na wata mata da aka binne cikin ƙanƙara a wani ƙauyen Alaska inda mutum 72 daga cikin kimanin 80 suka mutu a ƴan kwanaki. Aikin ya soma fitowa a 1997, ya kammala a 2005.

Daga siffa zuwa magani

Da zarar an san aikin almakashi, sai tunani ya tafi ga yadda za a toshe shi. Tun 1969 masana biyu a Biyena, Meindl da Tuppy, suka haɗa wani sinadari mai kama da asid siyalik wanda ke rage aikin nuraminidaz a kwalbar gwaji, amma bai yi ƙarfin da zai warkar da dabba ba. Maƙeri ba ya ƙera mabuɗi sai ya ga kwado.

Ganin kwadon ya zo daga Ostiraliya. A shekara ta 1978 Graeme Laver na jami'ar ƙasa ta Ostiraliya da ke Kanbera ya yi nasarar yanko kawunan nuraminidaz ya daskarar da su suka zama ƴan tsakuwoyi masu tsari irin na gishiri. Peter Colman da Jose Varghese a Melbon suka haska musu hasken X, suka lissafa mazaunin kowane ɗan ɓangare. A 1983 suka buga siffar. Abin da ta nuna shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Bayan nuraminidaz yana sauyawa shekara bayan shekara don guje wa garkuwar jiki, amma a tsakiyar kowane kai akwai wani ɗan rami, inda ake yankan, wanda kusan ba ya sauyawa a duk irin mura. Birus yana iya sauya riga, amma ba ya iya sauya bakin almakashinsa ba tare da ya dushe shi ba.

Mark von Itzstein da ƙungiyarsa a makarantar koyon haɗa magunguna ta Melbon suka ɗauki tsohon sinadarin Biyena, suka duba siffar ramin a kwamfuta, suka ga wani gurbi da bai cika ba, suka ƙara wa sinadarin wani reshe da ya shige gurbin daidai. Sakamakon, wanda aka buga a 1993, shi ne zanamivir. Ya shiga kasuwa a 1999 da sunan Relenza, gari ne da ake shaƙa. A wannan shekarar aka amince da na biyu, oseltamivir, wanda kamfanin Gilead ya ƙirƙira, kamfanin Roche ke sayarwa da sunan Tamiflu, shi kuma haɗiya ake yi. Suna cikin magungunan farko a tarihi da aka zana bisa siffar abin da ake son toshewa, maimakon a yi ta gwajin dubban sinadarai ana jiran sa'a. Da yake aikinsu hana birus fita ne, ba gyara ɓarnar da ya riga ya yi ba, sun fi amfani in an sha cikin sa'o'i 48 na farko.

Tsoro, kuɗi da gardama

A shekara ta 1997 murar tsuntsaye H5N1 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka mutu. Daga 2003 ta sake ɓullowa a Asiya, ta bazu zuwa Turai. A farkon watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kafin ƙarshen watan kuma aka tabbatar da ita a jikin agwagi a Magarya. An kashe kaji, kasuwarsu ta faɗi, masu kiwo suka yi asara. A wannan zamani ƙasashe masu arziki suka yi rububin tara Tamiflu. Ingila kaɗai ta kashe fam miliyon 424 a kansa. Har aka shiga fargabar ƙarancin wani ɗan itace na ƙasar Sin mai siffar tauraro, wanda ake sa wa girki, domin daga jikinsa ake samun sinadarin da ake fara haɗa maganin da shi. Ƙasashen da kajinsu ke mutuwa kuwa ba su da kuɗin shiga wannan layi.

Sai abubuwa biyu suka rage wa maganin kwarjini. Na farko, a hunturun 2007 zuwa 2008 aka ga murar H1N1 ta shekara-shekara ta sami ɗan sauyi guda a kusa da ramin yankan, wanda ya hana oseltamivir zama. Cikin shekara guda wannan iri ya mamaye duniya, sai annobar murar aladu ta 2009 ta zo ta ture shi, ita kuma maganin yana kama ta. Na biyu, masu binciken ƙungiyar Cochrane sun shafe shekaru suna neman kamfanin ya ba su cikakkun rahotannin gwaje-gwajensa. Da suka samu, sai suka bayyana a 2014 cewa ga babban mutum mai lafiya maganin yana rage tsawon ciwon da ƙasa da kwana ɗaya ne, kuma ba su ga hujjar cewa yana rage kwanciya a asibiti ba. Wasu masana suka amsa da cewa bayanan majiyyatan da aka kwantar a annobar 2009 sun nuna ragin mace-mace ga manyan da aka ba maganin da wuri. A 2017 OMS ta sauke shi daga sahun farko na muhimman magunguna zuwa sahu na biyu, don masu ciwo mai tsanani.

Ba mura kaɗai ba

Almakashin nan makami ne da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kansa. Bakterin kwalara tana amfani da shi ta aske bangon hanji, ta ƙara yawan madafar da gubarta ke kamawa. Har yau ɗakunan bincike na duniya suna amfani da nuraminidaz ɗinta wajen shirya jini kafin gwajin mura, gadon aikin Burnet da Stone. Bakterin da ake kira nimokok, mai kawo ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, tana da nata, wanda ke taimaka mata ta zauna a maƙogwaro ta kuma ci sukarin da ta yanko. Akwai kuma haɗin baki tsakaninta da mura: in birus ya lalata bangon hanyar numfashi ya aske shi, sai bakteri ta sami wurin zama. Wani bincike da aka buga a 2008, wanda ya sake duba huhun mamatan 1918, ya nuna cewa mafi yawansu ciwon huhu na bakteri ne ya ƙarasa su bayan mura ta buɗe ƙofa. Birus ɗin hangum, da na cutar Niyukasul mai share kajin ƙauye a lokacin hunturu, su kuma sun haɗa ƙugiya da almakashi a ƙaya ɗaya.

Makiyaya ma abin ya shafe su. Ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, tana sakin siyalidaz cikin jini. Asid siyalik da ke bayan jajayen ƙwayoyin jini kamar shaida ce cewa ƙwayar ta gida ce kuma da sauranta. In aka aske shi, hanta da saifa sai su ɗauke ta a matsayin tsohuwa, su lalata ta. Wannan yana cikin dalilan da ke sa saniya mai sammore ta rasa jini, ta rame. Masanan jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun taka rawa a wannan fage: likitan dabbobi Esievo ya auna raguwar asid siyalik a jinin shanu masu cutar tun farkon shekarun 1980, Andrew Nok kuma ya sami babbar kyautar kimiyya ta Najeriya a 2009 saboda aikinsa kan wannan anzim.

Shi kansa jikin ɗan Adam yana da nuraminidaz iri 4, waɗanda ke aikin share tsofaffin sinadarai a cikin ƙwayoyinsa. Yaron da aka haifa da naƙasa a ɗaya daga cikinsu kan kamu da wata cuta ta gado mai wuyar samu, wadda ke taɓa ido da jijiyoyi. Ke nan almakashin ba mugu ba ne a kan kansa; hannun da ke riƙe da shi ne abin dubawa.

Abin da ya rage

OMS ta ƙiyasta cewa murar shekara-shekara tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya ta hanyar ciwon numfashi, kuma H5N1 ba ta tafi ba: a 2024 ta ɓulla a cikin shanun madara a Amurka. Allurar rigakafin da aka saba yi ana auna ƙarfinta ne da yawan hemagulutinin da ke ciki, nuraminidaz kuwa ba a ƙayyade yawansa, duk da darasin 1968. Saboda ƙugiya tana saurin sauyawa, sai an sabunta allurar kusan kowace shekara. Shi ya sa masana suka sake waiwayar almakashi. A 2019 wasu masu bincike a Amurka sun samo a jinin wani majiyyaci sinadaran garkuwa masu cusa kai cikin ramin yankan, waɗanda suka kare ɓeraye daga irin mura masu yawa. Ana fatan wata rana a sami allurar da za ta koya wa jikin kowa yin haka.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa yadda ilimin kimiyya ke ginuwa zai sami misali mai kyau a gwaje-gwajen Hirst guda biyu na 1942. Ba su bukaci komai ba sai jinin kaza, ruwan ƙwai da ƴan kwalabe, kuma kowane ɗalibi yana iya bin hujjarsu da hankalinsa: birus ya fito yadda yake, jini ya sauya, ke nan akwai mai yanka. Daga wannan hujja zuwa sanin sunan abin da ake yankewa an yi shekara 15, zuwa ganin siffar almakashin shekara 41, zuwa maganin da ke toshe shi shekara 57.